Hoton Ƙafar Ɗantala

Jibiya, 3 ga Maris, 2008

Zuwa ga taubashiyata Hannatu Yakubu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Ayuba da yara, da bayin Allahn da kike tsoratarwa da allura. Mu nan lafiya lau. Matata Safiyatu na gaishe ki, ta ce har yau ba ta manta dariyar da kika ba ta a bikin sunan da aka yi a Bugaje ba.

Za ki ce sai da buƙata na tuna da ke. To, da buƙatar ce. Amma kakana da kakarki ciki ɗaya suka fito, shi namiji ita mace, don haka ko kin zama babbar nas a Zariya ni ne ubangidanki, kuma ubangida ba ya roƙo.

Maganar ƙafata ce ta hagu. Shekara biyu ke nan da na diro daga mota na taka dutse, idon sawun ya gurɗe. Mai ɗori ya ja ya shafa, kumburi ya sace, na koma aiki. Tun daga ranar ƙafar nan ba ta ƙara riƙe amana ba. Ina tafe a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai kawai ta turguɗe, in ji ni ina gaida ƙasa ba shiri.

Kin san aikina. Shekara goma sha tara ina hawa manyan motocin hatsi a tashar Jibiya, ni ke jera buhunan sama, in ja tamfol, in ɗaure igiya. Lodin da na ɗaure ko ramukan hanyar Maraɗi ba sa kwance shi. Yau wata biyar da Manu, shugabanmu na 'yan lodi, ya sauko da ni ya ajiye a benci, wai in riƙa nuna wa direbobi wurin tsayawa. Aikin da ko akuya za ta iya. Abokina Kalilu ke hawa a madadina. Ina so in koma sama, Hannatu, ita ke nan buƙatata.

Likitan Katsina ya sa ni motsa ƙafa da ɗaurin bandeji wata shida, ba ta canja hali ba, yanzu ya ce mai yiwuwa sai an yi aiki. Wani kuma can Maraɗi ya ce in fara yi mata "radiyo". Na ce masa ƙafa ce, ba mawaƙiya ba. Ke da kike tsaye kullum a ɗakin tiyata, gaya mini gaskiya, in bari a yanka?

Ki ba Lawwali direba amsa, duk mako yana bi ta Zariya. Kada ki ce waya, tawa in ta ga dama layin Nijar take kamawa.

Ubangidanki,
Ɗantala

Zariya, 7 ga Maris, 2008

Ɗantala,

A tsaye nake rubutu, Lawwali ya bar mota a bakin titi yana ta danna mini oda. Duk muna lafiya, a gaida Safiyatu. Maganar ubangida mu ajiye ta, don ban taɓa ganin ubangidan da akuya za ta iya aikinsa ba.

Kada ka bari kowa ya sa maka wuƙa tukuna. Je ka a ɗauki hoton ƙafar, mai kyau, ka aiko mini in nuna wa likitanmu na ƙashi.

Hannatu

Jibiya, 17 ga Maris, 2008

Hannatu,

Bayan gaisuwa, ga hoto nan, kuma ba za ki ce ba mai kyau ba ne. Wurin Sunday na je, wanda tun da shari'a ta zo ya rufe wancan shagon nasa na giya ya sayi kyamara. Duk Jibiya babu mai hannunsa.

Safiyatu ta sa na goge ƙafar da dutse, ta shafa mata man kaɗe har tana ƙyalli. Sunday ya ɗora ta a kan kujera, ya jawo furen roba ya ajiye a gefe, ya saki labulen nan mai jirgin sama a baya. Ya leƙa cikin kyamara ya daɗe, sai ya ɗago ya ce, "Oga Ɗantala, shekara takwas ina sana'ar nan, ban san me ake ce wa ƙafa ta yi ba." Kafin mu gama 'yan kabu-kabu sun cika ƙofa suna kallo.

Guda uku ne. Ɗaya ƙafar ita kaɗai, ɗaya ina tsaye da takalmi an ɗauko ta baya, ɗaya kuma ni gaba ɗaya da babbar riga, don kada likitanku ya zaci ƙafar ba ta da mai ita.

Ina jiran hukunci.

Ɗantala

Zariya, 21 ga Maris, 2008

Ɗantala, ɗan gidan Kaka Ɗanbugaje,

Allah ya shirye ka. Na buɗe ambulan a gaban abokan aikina, ban san abin da ke ciki ba. Lois da muke aiki tare sai da ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Ni kuwa hawaye har haɓa. Furen nan, Ɗantala! Ayuba ya karɓe mai babbar rigar ya rataye a falo, ya ce duk baƙon da ya zo sai ya ji labari.

Laifina ne, na yi gaggawa. Mu a asibiti in mun ce hoto, na cikin jiki muke nufi. "Radiyon" da mutumin Maraɗi ya gaya maka ma shi ne, haka suke kiran hoton ƙashi da Faransanci. Da ni da shi abu ɗaya muka faɗa maka, ka bar mu duka ka tafi wurin Sunday.

Amma wahalarka ba ta faɗi ƙasa banza ba. Dakta Zunnuraini, likitanmu na ƙashi, da ya gama dariya ya ɗauki wanda aka yi ta baya ya ƙura masa ido. Ya nuna mini dunduniyar takalminka na hagu, ta cinye ta gefen waje, na dama kuwa lafiyarsa ƙalau. Ya ce ƙafar nan ta daɗe tana kauce wa mai ita.

Ya rubuta maka takarda, ga ta nan ciki. Za ka je Kano a yi maka hoton ƙashi, sannan a yi babban, wanda ake kira MRI, mai nuna jijiyoyi. Na'urarmu ta MRI tana jiran gyara. In ka karɓo, aiko mini tukuna. Ba sai ka shafa mai ba.

Taka,
Hannatu

Jibiya, 6 ga Mayu, 2008

Taubashiya,

Albishirinki! Ki ce goro, ki kuma aiko da shi, fari ƙal.

Lafiyarmu lau, ni kam ma fiye da lau. Na je Kano, an sa mini rana, na koma. Suka raba ni da zobe da agogo da 'yar layar da ke damtsena, suka kwantar da ni suka tura cikin wani abu kamar tanderun burodi, yana ƙara kamar injin niƙa. Suka ce kada in motsa ko yatsa. Ban motsa ba, ƙafar ma ta yi ladabi, ban taɓa ganin ta natsu haka ba.

Na san kin ce in aiko miki tukuna, amma Katsina a kan hanyata take, sai na biya wurin likitana. Ya ɗaga hoton sama, ya karanta takardar, ya ce ƙashi lafiya, jijiya na nan a haɗe ba ta tsinke ba, bai ga abin da zai yanka ba. Hannatu, sai da na rungume shi. Babu aiki, babu wuƙa!

Ban tsaya gida ba, tasha na wuce na shimfiɗa wa Manu hoton a kan benci. Ya juya shi sama ya juya ƙasa, ya ce, "To, tun da na'ura ta ce lahiya kake, ni mi za ni ce? Lahadi ka hau." Safiyatu ta yanka zakara, amma ita ba ta ci ba, wai hankalinta bai kwanta ba. Kin san mata.

Gaskiya jiya ƙafar ta ɗan turguɗe a ƙofar masallaci, amma na gaya mata ta daina ƙarya, hoto ya riga ya tona mata asiri.

Ga hoton nan na gaske, ki nuna wa likitanku ya taya ni murna. Lahadi ranar kasuwa ina sama.

Ɗantala

Zariya, 8 ga Mayu, 2008

Ɗantala,

Kada ka hau. Na fara da wannan kafin gaisuwa don ko layi ɗaya ka karanta ya zama shi ne.

Muna lafiya. Na kai wa Dakta Zunnuraini hoton yanzun nan. Likitan Katsina bai yi ƙarya ba, hoton ma bai yi ba. Ƙashinka lafiya, babu ƙari, babu tsohuwar karaya, kuma wannan abin godiya ne. Amma ka tuna yadda aka ɗauke shi. Kana kwance, an ce kada ka motsa, babu nauyi a kan ƙafar. Ita kuwa ba a kwance take cin amanarka ba, a tsaye ne. Yadda ka sa babbar riga ka tsaya wa Sunday, haka ita ma ta yi kwalliya ta tsaya wa na'ura.

Jijiyar da ta yage ta haɗe da kanta takan fito a hoto kamar lafiyayya, alhali ta saki, ba ta riƙe komai. Shekara goma sha ɗaya ina miƙa wa likitoci almakashi. Sau da yawa na ga an buɗe an sami daidai abin da hoto ya faɗa, na kuma ga ranar da aka sami abin da bai ambata ba. Shi ya sa ba a yanka mutum don hoto kaɗai, ba a kuma sallamarsa don hoto kaɗai. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, kai ka ce ta turguɗe a ƙofar masallaci.

Ka zo Zariya a duba da hannu. Lawwali ya ce Asabar zai iso Jibiya, na roƙe shi ya fara zuwa gidanka kafin tasha.

Hannatu

Zariya, 26 ga Mayu, 2008

Ɗantala,

Shiru ya yi yawa. Kusan mako uku, babu kai babu Lawwali. Na kira wayarka sau ban san adadi ba, wata mata ce ke amsa mini da Faransanci. Wannan ta hannun wata mai sayen wake na aiko.

In fushi kake don na ɓata maka murna, yi fushinka amma ka rubuto. Ranar Lahadi a coci na kasa bin waƙa, ina ta lissafin tsawon mota mai lodi. Ina tsoro, Ɗantala, ban iya ɓoyewa ba.

Hannatu

Jibiya, 2 ga Yuni, 2008

Hannatu,

Ina raye, ki kwantar da hankalinki. Kowa lafiya. Ba fushi ba ne, kunya ce.

Motar Lawwali ta lalace a Funtuwa, wasiƙarki ta kwana tara a aljihunsa. Ni kuwa Lahadi na hau. Ranar farko lafiya, ta biyu lafiya, har ina yi wa Kalilu gwalo daga sama. Ran Talata na taka gefen buhu na ja igiya da ƙarfina, sai ƙafar ta tafi abinta. Ban san sa'ad da na baro sama ba. Allah ya sa akwai buhunan dusa a ƙasa ana jiran lodinsu, a kansu na faɗa. Ban karye ba, kafaɗa ce ta bugu. Na tashi fari fat, rabin tasha na salati rabi na dariya. Da wasiƙarki ta iso na karanta layin farko, sai na ninke ta na sa ƙarƙashin filo, kwana uku ban iya ƙarasawa ba.

Manu ya ce ko da takardar gwamna na zo ba zan ƙara hawa motarsa ba sai ƙafar ta gyaru. Wannan bai dame ni ba kamar maganar gari. Kowa abu ɗaya yake faɗa, ciwon da hoto bai gani ba, ba na asibiti ba ne. Gwaggona ta zo daga Mazanya da turaren hayaƙi, ta ce, "Ɗana, wanga ba ciwon likita ne ba, hannu aka sa maka. Duba wa ya amshi wurinka." Ba ita kaɗai ke faɗa ba. Kuma ba zan ɓoye miki ba, abin ya shige ni. Kalilu ya zo duba ni sau uku, sau uku ina cewa a ce barci nake. Mutumin da muka yi shekara ashirin muna cin tuwo a kwano ɗaya.

Na karanta bayaninki na kwalliya, na gane rabi. Amma na'urar da ta ga cikin ƙashina ba ta gani ba, hannun mutum ne zai gani?

Ɗantala

Zariya, 6 ga Yuni, 2008

Ɗantala,

Na gode wa Allah da ya halicci dusa. Na yi kuka, na yi dariya, yanzu saura faɗa.

Kalilu ne ya ajiye dutsen da ka taka shekara biyu da suka wuce? Shi ya cinye maka dunduniyar takalmi? Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan da ko ƙafa ba shi da ita, gara ma taka. Ka gaida Gwaggo da kyau, ka ce na ce ta ba mu wata ɗaya.

Ciwonka na asibiti ne, sunansa ma muna da shi. Ka san tsohuwar zariyar wando? Ka shimfiɗa ta a tabarma, lafiyarta lau, ba inda ta tsinke. Sai ka ɗaura ka miƙe tsaye za ka san halinta. Jijiyarka ke nan. Ka zo Zariya a gyara maka zariya.

Dakta zai gan ka ran sha bakwai ga wata. Ɗakin baƙinmu a share yake. Kada ka zo kai kaɗai, kuma ka san wanda nake so ya rako ka. An ce zumunci a ƙafa yake, to, jawo taka ka kawo mana ko da jan ciki.

Hannatu

Zariya, 27 ga Yuni, 2008

Zuwa ga Safiyatu,

'Yar'uwa, ina gaisuwa, ina kuma yi miki albishir. An yi aiki jiya, an gama lafiya, mijinki na nan kwance yana damun ma'aikata da surutu. Shi ya ce in rubuto miki, wai hannunsa na rawa. Ƙarya yake, tuwo yake ci da shi.

Bari in ba ki labari tun daga farko. Ranar da suka iso shi da Kalilu, Dakta Zunnuraini bai ko buɗe ambulan ɗin hoto ba. Ya zaunar da shi a bakin gado, ya riƙe ƙwaurin dama da hannu ɗaya, ya jawo dunduniya da ɗayan. Ko gezau. Ya koma ta hagu ya yi haka nan, sai ga ƙafa ta zamo gaba kamar aljihun tebur. Ɗantala ya zaro ido ya ce, "Kai! Sake in gani." Aka sake. Sannan aka kai shi ɗakin hoto aka ɗauka ana cikin jan ƙafar, ba tana kwance tana hutawa ba. A wannan karon hoton ya nuna gaɓar ta buɗe, ko ke kika gani za ki gane.

Ina ciki aka yi aikin. Jijiyar na nan a haɗe kamar yadda hoton Kano ya ce, amma ta miƙe ta yi siriri, ba ta riƙe komai. Dakta ya rage ta, ya ɗinke ta tam a jikin ƙashi. Ya kuma ciro wani ɗan guntun guringuntsi kamar ƙwayar wake yana yawo cikin gaɓar, wanda duk hotunan nan babu wanda ya nuna shi. Na ajiye miki shi a kwalba ki kai wa Gwaggo.

Akwai abin da na gani da ya fi aikin daɗi. Ana shirin tura shi ciki sai ya kamo hannun Kalilu, ya faɗa masa duk abin da ya zarge shi da shi, bai rage ba, ya roƙe shi ya yafe masa. Kalilu ya zuba masa ido, na ce shi ke nan, zumunci ya ɓaci. Can sai ya ce, "Ni da tsoron sama nike ji? Kullum in na hau sai na karanta duk abin da na sani. Don Allah ka warke ka amshi abinka, na gaji." Ɗantala ya yi dariya har mai ba da maganin barci ta tsawata masa.

Da ya farfaɗo kuwa, abin da ya fara cewa shi ne, "Ku ja igiyar can ta baya!"

Yanzu sauran aikin naki ne. Filasta mako shida, ba ya taka ƙasa da ita. Bayan nan motsa ƙafa kullum yadda za a koya masa, wata da watanni. Ba hawa sai Dakta ya ja ƙafar nan da hannunsa ya ce ta yi. In ya yi gardama ki ɓoye sandunan.

Taki,
Hannatu

Jibiya, 1 ga Disamba, 2008

Zuwa ga Yaya Hannatu,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai yawa, da Baban yara da yara da Anti Lois. Mu nan sai godiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, na makarantar manya ne, ban kai shi iya zuba ba.

Ni ce na rubuto don mutumin naki ya ce ba shi da lokacin wasiƙa yanzu. Wai ki yi haƙuri, ubangida na da aiki. Haka ya ce in rubuta, ni ba ruwana.

Tun da ya dawo daga wurin Dakta wancan mako da izini, bai zauna ba. Jiya Lahadi ya hau. Ban taɓa zuwa tasha ba tun da aka kawo ni garin nan, amma jiya na sa hijabi na je na tsaya bayan rumfar mai shayi, don in zai faɗo gara ya faɗo a idona. Ya hau a hankali, ba irin hawansa na da ba. Da ya kai sama ya tsaya, ya ɗaga ƙafar dama, ya tsaya a kan ta hagu ita kaɗai kamar zalɓe, tasha ta ɗauki ihu. Manu na ta cewa ya bar wauta. Kalilu kuwa ya zauna a bencin nan ya miƙe ƙafa, na rantse ban taɓa ganin mai farin ciki irinsa ba. Mota huɗu ya ɗaure kafin la'asar. Ni na dawo gida tun a ta biyu, don hawaye sun hana ni gani.

Gwaggo ta karɓi kwalbar. Ta ce ai ga shi nan, abin da aka jefe shi da shi ne likita ya ciro. Mun bar ta a haka, kowa ya huta.

Ga wake da gero da 'yar daddawa wurin Lawwali, na Kirsimeti ne, kada ki ce sun yi yawa. Naman Sallah zai biyo baya.

Abu ɗaya nake so in gaya miki, ban gaya wa kowa ba. Shekara biyu da rabi ina gane dawowarsa tun daga bakin zaure, taki ɗaya da nauyi, ɗaya a ɗarare, kamar mai tambayar ƙasa izini. Da shi nake sanin lokacin zuba ruwan wanka. Jiya da yamma ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ji tafiya ta shigo zaure da sauri, kai tsaye, ba sallama. Na ce wane baƙo ne wannan mara kunya, na jawo mayafi na rufe kaina.

Yaya, ashe mijina ne.

Taki,
Safiyatu